Bidiyon Yoga da Gwiwar Manomin Kura: Ina Aka Dace, Ina Aka Kuskure?

Gajerun bidiyon yoga masu alƙawarin raba mutum da ciwon gwiwa sun cika TikTok da Facebook, har suna yawo a WhatsApp. To, mu ɗora su a ma'auni, mu gwada su a kan mai dashen shinkafa a Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina.

Mu fara da inda suka dace. Suna cewa idan ka lanƙwasa ƙafa, gwiwa ta fuskanci inda yatsun ƙafa suka fuskanta, kada ta faɗa ciki. Wannan gaskiya ne. Gwiwa kamar ƙyaure take, aikinta buɗewa da rufewa, murɗawa kaɗan take iya ɗauka. Kwatangwalo kuwa kamar taɓarya ce a turmi, tana juyawa ko'ina. A zaman da ake kira padmasana, inda ake harɗe ƙafafu a ɗora kowacce a kan cinyar ɗaya, kwatangwalo ce ya kamata ta juya. Idan ta ƙi, ka ja ƙafar da hannu, murɗawar a gwiwa za ta sauka, ta matse guringuntsin ciki mai siffar jinjirin wata, wato meniskos. Yawancinsa jini ba ya isa sosai, shi ya sa in ya yage ba ya saurin warkewa. Bidiyon daƙiƙa 30 ba kasafai yake tsayawa ya faɗi wannan ba.

Sai dokar nan ta wai kada gwiwa ta taɓa wuce yatsun ƙafa. Rabin gaskiya ce. A 2003, Fry da abokan aikinsa a Amurka sun gwada ta a kan maza bakwai masu ɗaga ƙarfe. Da aka hana gwiwa wucewa, nauyin da ke kanta ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, amma na kwatangwalo ya ninka fiye da sau goma. Kun ga, an gudu ne ba a tsira ba.

Babban kuskuren shi ne ba a tambayi wa ake yi wa magana ba. An tsara darussan ne don mai wuni a kujera. Wanda ya wuni a tsugune yana cirar ciyawa cikin laka, ko yana sungumar buhu, lanƙwasawa ta riga ta yi masa yawa. Wani bincike da aka yi a kan tsofaffin Beijin, aka wallafa a 2004, ya nuna waɗanda suka riƙa daɗewa a tsugune tun suna samari sun fi samun zaizayewar gaɓar gwiwa. Ka ce wa irin wannan ya ƙara tsugunno da dare, ai ƙarin gishiri ne a miyar da ta riga ta ji.

Abin da ya fi masa: ya riƙa miƙewa a tsakiyar aiki, kada ya juya jiki alhali ƙafa na kafe a laka, ya kuma ƙarfafa tsokar cinya ta hanyar ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa yana kwance. Jan tsoka ba laifi, amma zafi mai suka a cikin gaɓa alamar a tsaya ce. In gwiwa ta kumbura, ko tana cijewa ta ƙi miƙewa, asibiti za a je. Gwiwa jarin manomi ce, ba a bar wa bidiyo ita.