Tsohuwar Bindiga da Hannun Mai Gogewa

Illela da Birnin Ƙonni gari biyu ne da iyaka ta raba, kowanne da irin Turawan da suka ci shi. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Ƙonni, ranar 15 ga Maris 1903 kuma sojojin Ingila suka ci Sakkwato a fagen Giginya. Saboda haka idan aka fito da tsohuwar libarba daga adakar wani gida a wannan yanki, aka ce ta zamanin zuwan Nasara ce, abin da masani zai fara dubawa shi ne ko ta Ingila ce ko ta Faransa.

Ƙarfen da kansa yake ba da amsa. Hafsoshin Ingila sun fi riƙe Webley, wadda ake karyawa a tsakiya a zuba mata harsashi shida. Samfurinta na farko ya shiga hannun soja a 1887, na huɗu a 1899, na shida a 1915. Duk wanda ya nuna maka samfuri na shida ya ce da ita aka yi yaƙin Giginya ko na Satiru a 1906, labarinsa ya girmi bindigarsa. Ta Faransa ta fi sauƙin karantawa, domin masana'antar Saint-Étienne kan buga shekarar ƙira a jikin bututun. Sai kuma lamba: wadda ke jikin gangar harsashi dole ta dace da ta uwar jiki. In suka saɓa, to haɗe-haɗe ce.

Inda muke tafka asara shi ne wajen fatar ƙarfen. Mu a al'adarmu makami mai daraja shi ne mai sheƙi. Sallah na gabatowa za ka ga yaro a zaure da toka da lemun tsami, wani ma har da samfefa, yana dirzar takobin kakansa ko bindigar da za a fita da ita hawa, har sai ƙarfen ya yi fari tas. Niyyarsa girmamawa ce, amma kowace dirza tana cinye shaida. Masana'anta kan yi wa ƙarfe wani rini baƙi mai shuɗi-shuɗi don kare shi daga tsatsa, kuma wannan rini shi ne abin da masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suka fi biya. Na asali yana koɗewa ne a inda hannu da kube suke goga: bakin bututu, gefen ganga, bayan mariƙi. Lungunan da hannu ba ya kaiwa suna nan da duhunsu. Wanda aka sake kuwa launinsa ɗaya ne ko'ina, haruffan hatimi sun dushe, kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi sun yi sulɓi, wani lokaci har ka hango ramukan tsohuwar tsatsa a ƙarƙashin sabon rinin. Sai dai a lura, libarbar Faransa samfurin 1873 da farin ƙarfe ta fito tun asali, don haka fari a jikinta ba aibi ba ne.

Libarba ba ta taɓa yawa a hannun talaka ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, shi ya sa abin da ya cika gidajen mafarauta da 'yan bindigar sarki shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. A nan hatimi kaɗai ba ya isa. Birmingham da Liège ta Beljiyam sun ƙera irinta da yawa don kasuwar Afirka, kuma haruffan ELG cikin da'ira alamar gwajin Liège ce. Amma maƙeranmu gwanaye ne: sukan ɗauki tsohuwar kunama su ɗora a kan sabon bututu, dukawa su naɗe ƙotar da jar fata da layu. Irin wannan bindiga tana iya haɗa aikin zamani uku. Ɗan kasuwar Turai zai rage mata kuɗi. Ni kuwa ina ganin a nan darajarta take, domin tarihin maƙeran ƙasar nan ne a rubuce da ƙarfe.

Akwai kuma ma'aunin da ba ya jikin makamin, wato salsala: wa ya riƙe shi, daga hannun wa ya karɓa, a wane yaƙi ko wane hawa. Mutanen da suka iya jera sunayen malaman da suka yi karatu a wajensu bai kamata su kasa jera masu takobin gidansu ba. Dattijon da ya san wannan yana rasuwa, makamin ya koma tsohon ƙarfe.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, tsufanta ba ya wanke ta, bindigar toka ma hukuma na iya wajabta mata lasin. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. A garin kan iyaka, a wannan lokaci na rashin tsaro, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ya gaji irin wannan kaya ya daina gogewa, ya shafa mai kaɗan, ya rubuta salsalarsa tun dattawa na da rai, sannan ya sanar da hukuma, ya nemi shawarar cibiyar adana tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.