Gwanin Keke a Rairayin Tasawa da Mayahi

Wanda ya koyi keke a kan kwalta da sauransa. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda daga Maraɗi ta ratsa Cadawa da Gazawa ta iso Tasawa a tafiyar kusan kilomita 120, sannan ta miƙe zuwa Damagaram, ko yaro ya iya murza feda a kanta. Amma a sauka daga kwaltar a nufi arewa, wajen Urafan, ko ƙauyukan da ke tsakanin Kanambakashe da Mayahi, nan ake sanin gwani. Ƙasar jigawa ce, rairayi fari mai laushi, mai haɗiye taya har gargare. Ga shi kuwa a nan ne mutum zai wuce ka da damin hatsi biyu a bayan keke, yana tuƙi yana amsa gaisuwa, ko ƙafa bai sauke ba.

Lokacin masu keke shi ne kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, amma ƙasa ba ta gama sakin danshi ba, saiwar ciyawa kuma tana riƙe da bakin hanya. Kaya ma a lokacin suke: hatsi, wake, gyaɗa, riɗi, yakuwa, kowa na neman kai tiya biyar ko goma kasuwar mako don ya sami kuɗin gishiri da na makaranta. Ido kuma yana shan kallo. Zangarniya jibge a gonaki, ana yaɓe sababbin rumbuna, gawo da ya zauna tsirara duk damina ya soma fitar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin kaɗewa. Yawan itacen nan a gonaki ba banza ya zo ba: tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka rungumi barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, mai keke kuwa yana cikin masu cin moriyar inuwar.

Gwanintar ta fara ne tun kafin a hau. Gwani yana sammako, don raɓar asuba tana ɗaure fuskar rairayi na ɗan lokaci, kafin hantsi ya warware ta. Sai ya latsa taya da babban yatsa. Baƙo yakan bunƙasa taya da iska har ta yi tauri, yana ganin haka ne zai sa ta gudu. A kwalta gaskiyarsa. A rairayi kuwa taya mai tauri yanka ƙasa take ta nutse. Gwani yana rage iska kaɗan, tayar ta baje, nauyi ya rabu a kan faɗi, kamar yadda tafin raƙumi ke bajewa idan ya taka. Kaɗan ɗin nan ita ce wuyar: idan ya rage da yawa, da kaya a baya, gargare zai cije robar ciki a kan saiwa ko tsakuwa ya huda ta wuri biyu. Ba shi da ma'auni sai yatsa. A Amurka an ƙera kekuna masu ƙatuwar taya musamman don yashi da ƙanƙara, ana saye da tsada. Shi kuwa gwani da tsohuwar Phoenix ko Raleigh mai giya ɗaya yake cimma abin da suke nema.

Daga nan sai karatun ƙasa, kuma a ganina nan ne ainihin sana'ar. Hanyar ƙauye ba ɗaya ba ce ko da faɗinta taku huɗu ne. Tsakiya ta amalanke ce da kofaton shanu da jakai, an tumurmushe ta ta zama gari. Gwani yana bin gefe, siririyar turbar da ƙafar mutane ta daddaɓe, wani lokaci faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Yana duban launi tun daga nesa: inda ƙasa ta yi ja-ja ko duhu akwai laka a ciki, za ta ɗauke shi, inda ta yi fari tas tana ƙyalli, tarko ne. Idan babu makawa sai an ratsa, ba ya shiga da tsoro. Yana ƙara wuta tun kafin ya isa, ya ja jikinsa baya a kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi ta hau bisa, ya sassauta riƙon kan keke ya bar shi ya ɗan yi rawarsa, ƙafa kuma ba ta daina juyawa. Birki haram ne a wurin, haka juya kai da ƙarfi. Wanda ya taɓa ɗaya daga cikinsu zai tashi yana kakkaɓe riga.

Kuma ba ya jin kunyar tambaya. Zai tsaya gun dattijo a bakin gona: «Sannu da aiki, Baba. Ta ina ta fi tauri?» Dattijo ya nuna da lauje: «Bi ta bayan rijiya, ɗana, amalanke sun ɓata ta gabas.» Haka nan ba ya jin kunyar sauka ya tura idan tudu ya fi ƙarfinsa.

Ɗaurin kaya fanni ne mai zaman kansa. Da tsohuwar robar taya da aka yanyanka ake ɗaurewa, don tana miƙewa ta kama, igiya kuwa sassautawa take da girgiza. Mai nauyi a ƙasa, dama da hagu daidai, kada kuma kayan su zarce baya sosai har gaba ya riƙa ɗagawa. Masu tabarma da igiya da ɗanyen kaba daga Gulbin Kaba, tsohon kwarin nan mai cike da goruba da ya ratsa ƙasar Mayahi, su ne abin kallo: kayan ba nauyi sai girma, mutum ya ɓace a cikinsu, iskar gabas tana bugunsa ta gefe, shi kuwa ya ɗan kwanta mata ya ci gaba.

Teku dai babu, amma kaka tana da tsibiranta. Tabkunan da damina ta bari a fadamu sukan kewaye tudu da ƴan itatuwansa, balbela ta sauka a kai. Kyau gare su, sai dai bakinsu laka ce mai liƙe wa taya. Gwani ya san wanda ake zagayawa da wanda ake saɓa keke a kafaɗa a ratsa.

Babban abokin gaba shi ne ƙaya. Kaka lokacin tsidau ne da ƙarangiya, ga ta aduwa da ta bagaruwa daga shingen gonaki. Shi ya sa famfo, da sholisho, da guntun roba ba sa rabuwa da shi. Ya zare robar ciki, ya hura, ya kara ta a kunci ya ji inda iska ke fita, ya tabbatar da yawu, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, sannan ya jira ya sha iska kafin ya manna faci. Gaggawa a nan ita ke sa a sake aiki. Kafin ya mayar kuma sai ya bi cikin taya da yatsa ya zare ƙayar, abin da ɗan koyo ke mantawa ya sake hujewa nan take.

A Burkina Faso, tun 1987 ake tseren Tour du Faso a irin wannan lokaci na shekara, da motoci a baya ɗauke da tayoyin canji. Ina sha'awar in ga waɗancan zakarun da buhun wake a kariya tsakanin Korgom da Hawandawaki.

Babur ya ƙwace wa keke kasuwa mai yawa, ba musu. Amma tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man ƴan ruwa-ruwa, wato fetur ɗin sumoga, ya yi tsada a wannan gefen iyaka, kuɗin kabu-kabu ya bi shi. Manomin da zai sayar da tiya goma, idan ya biya zuwa da dawowa, ribar ta tafi a hanya. Wanda ya iya rairayi kuwa, kuɗin faci kawai zai cire.