ZFS: Gwanin da Ɗauke Wuta Ba Ya Firgita Shi

Duk mai kula da sabar a Kafanchan ya san maƙiya uku ne ke dakon faifansa: ɗauke wuta ba sallama, zafin watan Maris, da ƙurar hunturu mai kutsawa ta kowace kafa. Ga kuma bayanan da ba a wasa da su, na majinyata a babban asibitin garin, na ɗalibai a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Garin nan ba baƙon kwamfuta ba ne, tun da Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco ta kafa Zittnet ta raba intanet ba waya. To, ga duk mai irin wannan amana a hannunsa, ni dai na gama magana: babu kamar tsarin ajiyar bayanai na ZFS. Wallahi babu!

Kafin in faɗi dalili, bari mu waiwaya baya. Dabarar haɗa faifai da yawa su tsare wa juna baya, wato RAID, ta yi suna ne daga takardar da Patterson da Gibson da Katz suka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1988. RAID 1 faifai biyu ne masu kwafin juna. RAID 5 kuwa lissafi yake ajiyewa: in ka san 3 da wata lamba sun ba da 8, ko lambar ta ɓace ka san 5 ce. Dabara ce mai kyau, ba na raina ta. Amma tana da rami. Idan wuta ta ɗauke bayan an rubuta bayani, kafin a rubuta lissafinsa, sai su saɓa, kuma ba wanda zai sani sai ranar da faifai ya mutu aka zo farfaɗowa. Katunan RAID na manyan sabobi suna toshe ramin da ɗan batir, shi kuwa batir ba ya shiri da zafi.

Nan ne gwanin nawa ke nuna bajinta. Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara gina shi a kamfanin Sun Microsystems a 2001, ya fito fili a 2005. ZFS ba ya taɓa rubutu a kan bayanin da ke raye. Kamar mai shago ne mai hankali, wanda sai ya gama rubuta sabon lissafi a sabon shafi kafin ya soke tsohon. Wuta ta ɗauke a tsakiya? Ko gezau. Abin da ake cikin rubutawa a daƙiƙun ƙarshe ne kaɗai zai iya tafiya, ma'ajiyar kuwa tana nan daram. Kai, wannan kaɗai ya isa a tafa masa!

Bai tsaya nan ba. Kowane gutsuren bayani yana da hatiminsa na lissafi. Idan faifai ya fara ruɓewa a ɓoye ya miƙo gurɓataccen abu, ZFS zai gane nan take, ya ɗauko mai kyau daga sauran, ya gyara ɓarnar da kansa. Ka sa masa sintirin duba faifai sau ɗaya a wata, ka je ka sha iska a Matsirga.

Tsarin da na fi ƙauna shi ne RAID-Z2. Faifai 6 masu terabait 4 kowanne, ka sami kusan terabait 16 na aiki, kuma kowaɗanne biyu suka mutu ba ka rasa komai ba. Wani zai ce ware faifai biyu don kariya ya yi yawa. Ya tuna cewa madadin sai an aiko daga Abuja ko Jos, wani lokacin ma daga Ikeja, kuma a kwanakin jiran nan ne na biyu ya fi son cikawa, tunda yawanci tare aka saye su, tare suka tsufa. In sabon ya iso, ZFS bayanan da ke akwai kawai yake kwafa, ba ya ɓata lokaci kan fili.

Sharaɗinsa kaɗan ne. Yana son ganin faifai ido da ido, don haka in sabar taka Dell PowerEdge ce ko ProLiant, ka mai da katinta na RAID yanayin HBA, ko ka sa wanda ya iya hakan. Yana da cin ƙwaƙwalwa, a ba shi mai yawa, irin ta ECC mai gyara kuskure. Kuma ba ya hana gobara ko ɓarawo, sai ka riƙa tura kwafi wani ginin. Manhajar TrueNAS da ke ɗauke da shi kyauta ce, ko sisi.

Masu kula da sabobi daga Kagoro zuwa Zonkwa har Kachia, ku samo tsohuwar kwamfuta da faifai huɗu ku ɗora shi, ku zare ɗaya yana cikin aiki, ku ga ikon Allah. Maki goma bisa goma na ba shi.