Sharhi A Kan Bidiyon Tafiye-tafiye: Wa Ke Biyan Matafiyi?

Labarin tafiya daɗaɗɗen reshe ne a rubutun zube na Hausa. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, haka kuma Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. A yau wannan reshe ya koma hannun matasa masu ɗaukar bidiyon garinsu ko na inda suka ziyarta, su ɗora a YouTube, su ci abinci da shi. Tunda labari suke bayarwa, ya kamata mu auna su da ma'aunin da muke auna marubuci, wato jigo da salo da zubi.

Kafin nan sai mai karatu ya san inda kuɗin ke fitowa. A 2018 YouTube ya shar'anta cewa mai son rabon kuɗin talla a kan dogon bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, sannan a ba shi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar. Bugu da ƙari, farashin talla ya danganta da ƙasar mai kallo: idon mutumin Amurka ya fi na mutumin Gusau tsada nesa ba kusa ba. Ke nan mai bidiyo yana da ubangida, kuma wannan ubangida a waje yake zaune.

Mu ɗauki Wode Maya, ɗan ƙasar Gana, wanda ya yi karatun injiniyan jirgin sama a ƙasar Sin, ya fara bidiyo a can, daga baya ya dawo yana zaga ƙasashen Afirka. Jigonsa a fili yake: gyara sunan Afirka a idon duniya. Ta fuskar salo kuwa sai a yaba masa. Yana da sakin fuska, yana zama ya ci abinci da mutane, yana barin manomi ko mai masana'anta ya yi magana da bakinsa, abin da 'yan jaridar Turai suka daɗe suna hana mu.

Rauninsa a zubi yake. Kusan kowane bidiyo a kan mamaki aka gina shi: ga titi mai kyau, ga katafaren gida, ga wanda ya baro Turai ya zo ya yi arziki. Mamaki kuwa na baƙo ne, ɗan gari ba ya buɗe baki don ya ga kwalta. Sau da yawa hira da mai dukiya takan rikiɗe ta zama kirari, ba a tambayi nawa ake biyan leburan da ke bayansa ba. Masu zuwa Makoko a Legas don su nuna ƙazanta da talauci, da shi mai nuna benaye, duk kasuwa ɗaya suke ci, domin kowannensu abin da zai tsayar da ɗan yatsan baƙo yake nema.

Kada a ce wannan sabuwar cuta ce. Shi ma Imam Turawa ne suka ɗauki nauyin tafiyarsa, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma sun san abin da suke so ya gani. Bambancin shi ne da Hausa ya rubuta, Bahaushe yake yi wa bayani, don haka dole ya kwatanta baƙon abu da abin da mai karatunsa ya sani a gida.

Wannan ita ce tambayar da ke gaban matasanmu da suka fara irin wannan sana'a a Kano da Zariya da Damagaram. Wanda ya shiga marinar Ƙofar Mata da kyamara yana iya ɗaukar shuɗin ruwa da tsoho a bakin rami, ya fita cikin minti uku, Bature ya ji daɗi. Yana kuma iya zama ya tambayi yadda ake haɗa baba da toka, kwana nawa rami ke yi kafin ya nuna, ramuka nawa suka bushe, da dalilin da ya sa 'ya'yan marina da yawa suka koma wasu sana'o'i. Na biyun ya fi wuya, kuma a lissafin YouTube ba lalle ne ya fi kawo kuɗi ba.