Nazari a kan *Alhaki Kuykuyo Ne* da Dacewarsa da Manhajar Babbar Sakandare

Wannan ɓangare na rahoton zai duba littafin *Alhaki Kuykuyo Ne* na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, domin a auna ko ya cancanci shiga jerin littattafan ƙagaggun labarai na babbar sakandare. An daɗe ana ɗari-ɗari da littattafan wancan zango tun muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano. A ganina, wannan littafi yana cikin waɗanda kuɗin goron da aka yi musu ya zalunta.

Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, wani ɗan kasuwa a Kano, wanda ya auro Delu, sannan ya saki uwargidan ya kore ta da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, da ita ta ciyar da yaran ta kuma riƙe karatunsu. Daga baya 'yarta Saudatu ta auri attajiri Alhaji Abubakar, gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, aka matsa wa Rabi ta koma masa.

Haɗarin da nake hangowa a aji yana cikin sunan littafin. Da yake karin magana ne, malami zai iya rubuta "sakayya" a allo a matsayin jigo, ya ɗauka ya gama warwara. Amma duk wanda ya karanta da natsuwa zai lura cewa inda alƙalamin marubuciyar ya fi ƙarfi shi ne tsakiyar labarin, wato zaman zawarcin Rabi. A nan ne muke ganin lissafin kuɗin cefane da na makaranta, da kunyar neman taimakon dangi, da yadda macen da aka saba yanke wa hukunci ta fara yanke wa kanta. Ba ta yin dogon jawabi a kan 'yanci. Tukunyarta ce ke magana. Ɗalibi a gari irin Awe ta Jihar Nasarawa, inda mata suka gaji sana'ar dafa gishiri kaka da kakanni, ba ya buƙatar a fassara masa wannan hoto, domin ya san gidajen da hannun uwa ke riƙe da su.

Littafin yana da rauni. Gobara da auren attajiri sun zo daidai lokacin da labarin ke buƙatarsu, har suka rage wa gumin Rabi daraja, kamar dai ba za ta tsira ba sai da taimakon ƙaddara. Delu kuwa an zana ta da baƙin fenti kawai, ba a ba mai karatu ko ƙofa ɗaya ta fahimtarta ba.

Sai batun ƙarshen labarin, wanda nake ganin shi ne ya fi amfani ga darasi. Komawar Rabi ba ta zo da farin ciki ba. Maza ne suka zauna suka yanke, ita kuma ta karɓi mijin da ya dawo hannu rabbana, alhali yanzu ita ke ciyar da gidan. Shin wannan nasara ce ko an sake ɗaure ta? Marubuciyar, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta bar tambayar a buɗe, kuma bai kamata jagoran malami ya rufe ta da amsa guda ba.

Don haka ina ba da shawarar a sa littafin a aji biyu na babbar sakandare, a ware darasi ɗaya don muhawara a kan komawar Rabi. A makarantun da Hausa take harshe na biyu ga ɗalibai da yawa, kamar yadda ake samu a Nasarawa, malami zai iya taimaka wa kansa da fassarar Ingilishi ta Aliyu Kamal, wadda kamfanin Blaft na Indiya ya buga a 2012. Sai dai kafin a raba shi ga makarantu, wajibi ne a sake buga na Hausar bisa daidaitacciyar ƙa'idar rubutu.