Ƙaramin agogo ya dawo, amma faɗi kaɗai ba ya sa hannu ya ji daɗi

A shekarar 2021 kamfanin Rolex ya yi abin da manyan kamfanonin agogo ba su cika yi ba, wato ya ja da baya. Agogonsa mai suna Explorer ya fito a 1953 da faɗin milimita 36. A 2010 aka ƙara masa jiki zuwa 39 don ya bi yayi, sai ga shi bayan shekara 11 an mayar da shi 36 ɗinsa na asali. Tudor, ƙanin Rolex, ya riga ya shinshino inda iska ke kaɗawa. Agogon ninƙayarsa Black Bay ya fara da milimita 41 a 2012, aka fitar da mai 39 a 2018, sannan mai 37 a 2023. Ni kam wannan sauyi ya yi mini daɗi, domin na daɗe ina ganin zamanin ƙaton agogo zamani ne na wahalar da hannu don a faranta wa idon wasu.

Girman nan yana da asali, ba haka kawai ya faɗo ba. Kamfanin Panerai na Italiya ya ƙera wa sojojin ruwan ƙasar manyan agogo tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda mai nutso a cikin ruwa mai duhu yana bukatar fuska mai faɗi da lambobi masu haske. Wannan dalili ne na aiki. Da Sylvester Stallone ya ɗaura Panerai a fim ɗin Daylight na 1996, sai kayan aikin mai nutso ya koma kayan kwalliyar mai kuɗi. Audemars Piguet ya riga ya fitar da Royal Oak Offshore mai milimita 42 a 1993, Hublot ya biyo da Big Bang mai 44 a 2005, daga nan kowa ya shiga tsere. Don a ga yadda ido ya sauya, Royal Oak na farko da Gérald Genta ya zana, wanda ya fito a 1972, faɗinsa 39 ne kacal, kuma a lokacin ana yi masa kallon ƙato. Bayan shekara talatin, wanda ya ɗaura mai wannan faɗi sai a ce ya ari na matarsa.

Yayin ya iso mana, kuma har yanzu bai gama tafiya ba. Je wurin ɗaurin auren manya ka sa ido a hannaye. Za ka ga mutum cikin shadda mai maiƙo, ɗinki ya zauna, hula ta sha kari, amma hannun kaftaninsa na hagu a buɗe yake, maɓallin yana reto, saboda agogon ya ƙi shiga ƙarƙashi. Wani kuma ya tattare hannun rigar ya tsaya cak a bayan agogon, abin ya yi tudu kamar an ɗaura masa marfin gwangwanin madara. Idan ya miƙa hannu zai amshi goro, nauyin ya juyar da fuskar agogon ta koma gefen ƙashin wuyan hannu, sai ya sa ɗaya hannun ya dawo da ita. Ka ƙirga sau nawa zai yi hakan kafin a shafa fatiha. Mutumin nan ya biya kuɗin mota, ko ma na gida, don ya sayi abin da zai riƙa gyara wa zama duk bayan minti biyar.

Sai dai ina tsoron kada a gudu daga wani kuskure a faɗa wani. Yanzu masu saye sun riƙe lamba ɗaya, faɗin fuska, suna ta maimaita 36, 38, 39 kamar ita ce ke yanke hukunci. Alhali a cikin abubuwan da ke sa agogo ya zauna lafiya a hannu, faɗi ne ya fi kowanne yaudara.

Kauri ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba. A 2018 Black Bay mai 41 kaurinsa ya kusa milimita 15, mai 39 kuwa bai kai 12 ba. Waɗanda suka ɗaura duka biyun sun san cewa ba ragin milimita biyu na faɗi ne ya canza labarin ba, ragin kusan uku na kauri ne. Agogo mai kauri nauyinsa yana can sama, nesa da fata, shi ya sa yake rinjaya gefe, yake karo da ƙofar mota da bakin tebur, yake kuma faɗa da hannun riga. Rolex Deepsea yana jure zurfin mita 3,900, kuma kaurinsa ya haura milimita 17. Gwanintar ƙira ce babu musu, amma wanda mafi zurfin ruwan da zai shiga shi ne na bokitin wanka, me zai yi da ita a ofis? Sai kuma tsayin agogon daga kunnen sama zuwa kunnen ƙasa, wato ƙafafun nan huɗu da ke riƙe maɗauri. Kamfanoni da yawa ba sa ma rubuta wannan awon a talla. Idan kunnuwan suka zarce faɗin wuyan hannunka suka tsaya a iska, to agogon ya yi maka yawa, ko da fuskarsa 38 ce. Idan kuwa gajeru ne kuma sun lanƙwasa ƙasa sun rungumi hannu, mai 41 ma zai iya zama daram.

Maganar nauyi gajera ce. Zinare mai karat 18 ya kusa ninka farin ƙarfe marar tsatsa a nauyi, filatinam ya fi haka, taitaniyam kuwa bai kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin ƙarfen ba. Grand Seiko na Japan yana da wani mai farar fuska da ake yi wa laƙabi da Snowflake, faɗinsa 41 amma na taitaniyam ne, nauyinsa duka da sarƙa kusan giram 100. Wasu suna cewa agogo marar nauyi ba ya sa su ji sun ɗaura kuɗi. Wannan jin na minti goman farko ne a cikin kanti. Ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, hannu ba ya neman a tuna masa nawa aka biya. Ga namiji Musulmi ma maganar zinare ta ƙare tun kafin a zo kan nauyi, tunda shari'a ta hana shi ɗaurawa, kuma abin da ake kira farin zinare shi ma zinare ne, launinsa kawai aka sauya. A nan an huta, domin manyan agogon da duniya ta fi rububi a kansu, irin Royal Oak da Nautilus na Patek Philippe wanda ya fito a 1976, da farin ƙarfe suka yi suna.

Inda na fi so a tsaya a duba da kyau shi ne wurin da ba a ɗaukarsa hoto: makullin sarƙa, can ƙarƙashin hannu. Wuyan hannun mutum ba girma ɗaya yake kwana ya tashi da shi ba. Da asubar hunturu yana tsukewa, da tsakar ranar bazara yana kumbura, bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi ma haka. Sarƙar da ta yi daidai da safe sai ta bar maka shaida a fata da la'asar, ka cire ka ga zanen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Idan ka sa aka ƙara ɗa guda, sai ta yi sako-sako da sanyi. A ganina babban ci gaban da aka samu a sana'ar agogo cikin shekarun nan ba a cikin injin yake ba, a wannan ɗan makulli yake. Rolex yana da Easylink, wani ɗan ninki da ake buɗewa da yatsa ya ƙara milimita 5. A kan Submariner ɗinsa akwai Glidelock, mai zamewa milimita biyu-biyu har kusan 20. Tudor yana da T-fit mai ba da milimita 8. Cartier kuma, da ya sabunta Santos a 2018, ya yi dabarar da mutum zai cire ɗan sarƙa ko ya sauya maɗauri da kansa ba tare da zuwa wurin mai gyara ba. Abin takaici, akwai agogo masu tsadar gaske, musamman masu makullin nan mai buɗewa gida biyu da ke ɓuya a cikin sarƙa, waɗanda ba su da ko ɗaya daga cikin wannan. Kyau kam suna da shi, sai dai ko su matse ka ko su yi maka yawo. Ban ga dalilin da zai sa a yafe wa agogon miliyoyi abin da ba za a yafe wa takalmi ba.

Akwai kuma wani gwaji da masu rubuta sharhin agogo a Turai ba sa kawowa, saboda ba rayuwarsu ba ce, wato alwala. Sau biyar a rana ruwa zai bi hannu har gwiwar hannu, kuma dole ya taɓa fatar da ke ƙarƙashin agogon. Tsaya bakin famfon masallacin Juma'a ka gani. Mai maɗaurin fata yana kokawa da ƙaramin harshen maɗaurin, ya cire, ya rasa inda zai ajiye, ya jefa a aljihun gaba tare da makullin mota, ko ya ɗora a kan dakali yana alwala ido ɗaya na kansa. Mai sarƙa kuwa yatsa ɗaya zai sa ya ɓalle makulli, agogon ya yi sako-sako ba tare da ya bar hannu ba, ya tura shi gaba ya wanke, ya dawo da shi ya danna. Sau da yawa faɗuwar agogo da ɓatansa a wurin cirewa da mayarwa suke faruwa. Saboda haka rubutun da ke bayan agogo game da ruwa ba ado ba ne a wurinmu. Mita 30 ba ta nufin ka nutsa da shi mita 30, iyakarta fantsamar ruwa, kuma robar da ke tare ruwan tana tsufa. Mita 100 ita ce kwanciyar hankali, musamman idan ɗan kan da ake saita lokaci da shi na murɗawa ne ya kulle. Cartier Tank, wanda Louis Cartier ya zana a 1917, yana cikin agogon da suka fi kowanne kwanciya a hannu, siriri ne marar nauyi, kuma ina son sa ƙwarai. Amma na gargajiyarsa mita 30 ne da maɗaurin fata, don haka na ranar biki ne. Fatar kada ba ta shiri da gumi. Wata bazara ɗaya ta isa ta sa ta yi baƙi daga ciki, ta fara tsagewa, ta kuma ɗauki warin da turare ba ya rufewa.

Iyayenmu, ba tare da karanta mujallar agogo ba, sun gano wannan tun tuni. Rado DiaStar da aka fara yi a 1962, wanda jikinsa ba ya kwarzanewa, da Seiko 5 mai tafiya da motsin hannu, su ne tsarabar alhazai da ake ji da ita. Dukansu matsakaita ne, masu sarƙar ƙarfe, kuma an ɗaura su kasuwa da gona da masallaci shekara da shekaru. Har yau akwai gidajen da Radon baba ke cikin akwati, kuma idan aka girgiza shi sai ya tashi.

Game da inji ba zan ja dogon zance ba, don a nan ne masu sha'awar agogo ke ɓata dare suna gardama. Hukumar COSC ta Suwizalan tana ba agogon inji shaida idan bai yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 ko gaggawar da ta wuce 6 a rana ba. Rolex yana alkawarin daƙiƙa 2. Grand Seiko mai batir, samfurin 9F, kuskurensa daƙiƙa 10 ne a shekara, kuma raina shi da ake yi don yana da batir girman kai ne kawai. Abin da ya fi shafar mai ɗaurawa kullum shi ne maganaɗisu, wanda ke jikin murfin kwamfuta da lasifika da makullin jaka, yana kuma sa agogon inji gudu. Omega ya yi ƙoƙari a nan, domin agogonsa masu shaidar Master Chronometer, wadda ta fara a 2015, suna jure maganaɗisu har gaus 15,000. Kafin ka biya kuma, tambayi inda za a wanke injin idan lokaci ya yi, da tsawon watannin da zai yi a can.

Wani sabon tsere ya taso ta ɗaya ɓangaren, na sirantaka. A 2022 Bulgari ya fitar da mai kaurin milimita 1.80, bayan 'yan watanni Richard Mille ya sauko 1.75. Wannan ma nuna isa ne, an dai juya shi ne. Wanda zai rungumi buhu ya sa a bayan mota, ko yaro ya rataye masa a hannu, ba ya bukatar agogon da zai riƙa lallaɓawa. Haka nan masu saye don ajiya, waɗanda suka bar leda a jikin sarƙa suna jiran farashi ya hau. Kasuwar agogon hannu na biyu ta kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ta gangaro, da yawa suka tashi da agogon da ba su ci riba ba, ba su kuma more ba.

Idan shawarata ake nema, ga ta: farin ƙarfe ko taitaniyam, kauri kada ya wuce milimita 12, juriyar ruwa mita 100, makullin da ake sassautawa da yatsa, faɗi kuwa duk wanda kunnuwansa ba su zarce hannunka ba. Explorer ko Datejust mai 36 na Rolex, Aqua Terra mai 38 na Omega, Santos matsakaici da Black Bay mai 39 duk suna kusa da wannan awon, kuma mata da yawa yanzu irinsu suke ɗaurawa. Kada ka saya daga hoto. Je kantin da rana bayan ka sha zafi, sanye da irin rigar da ka saba sawa, ka ɗaura, ka ɓalla maɓallin hannun rigar a kansa, ka lanƙwasa hannu baya kamar za ka dafa ƙasa a sujada. Idan ɗan kan ya soki bayan hannunka, ko rigar ta ƙi rufuwa, mayar wa mai kanti kayansa ko da sunan wa aka rubuta a fuskar.