Jinjina ga Masu Duba Awo a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta Amurka, kowace gunduma tana da jami'an kula da noma da ma'auni, kuma wallahi sun cancanci yabo. Sukan je gidan mai da tulun ƙarfe mai cin galan 5, su tsiyaya fetur su ga ko famfon yana ƙwarar mai saye. Sikelin mahauci ma sai sun ɗora masa ƙarafunan gwaji. In ya cika, su manna masa hatimi. In yana tauye awo, su hana aiki da shi sai an gyara. Talaka ba ya yawo da sikelinsa, su ne idonsa. Su ne kuma ke rataye tarkuna a bishiyoyin unguwanni, don gano ƙudan da ke ɓata 'ya'yan itatuwa tun bai kai gonaki ba.